Ido na zubar da hawaye, ashe bushewa ce

Gyaran waya nake yi a kasuwar Wunti da ke Bauchi, kuma hunturun bara ya kusa raba ni da sana'ata. Idona na dama ya yi ja, ina jin kamar an zuba min yashi, ga hawaye ba tsayawa. Wani yaron kemis ya miƙo min maganin ɗigawa ya ce, "Oga, zuwa gobe ka manta." Jan ya tafi kuwa. Amma da na tsaya sai ya dawo, har kallon haske ya gagare ni.

A sashen ido na asibitin koyarwa, likita ta ɗiga min wani ruwa rawaya, ta haska da shuɗiyar fitila. Koniya, wato fatar nan garai-garai da ta rufe baƙin ido, duk ta yi ƙananan ƙujewa. Ta ce bushewar ido ce. Na ce, "Likita, idon da ke jiƙa min riga?"

Ashe hawayen da ke kare ido ba ruwa zalla ba ne. Akwai maiƙo da ke fitowa daga gefen fatar ido, shi ke hana ruwan ƙafewa. Iskar hunturu da ƙura su ƙafar da shi, ga shi mai zura wa ƙaramin abu ido ba ya yawan ƙiftawa. Abin da ya rage sai gishirinsa ya yi yawa, ya ci fatar koniya ta kumbura, kumburin kuma ya ƙara lalata hawayen. Jijiyoyin wurin da suka ji zafi su ke jawo wancan ruwan da ke kwarara, wanda ba ya zama a ido.

Maganin yaron nan shi ne har yau yake ci min rai. Dexamethasone ne a ciki. Yana ɓoye ja, amma yana iya ta da hawan jinin ido, ya kawo yanar ido, in kuma akwai ƙwayar cuta a ƙujewar ya ba ta fili. Da aka auna, nawa ya riga ya fara hawa. Ko tambayar me nake ji yaron bai yi ba.

Yanzu hawayen kwalba, wato ruwan jiƙa ido, nake ɗigawa, ina gasa fatar ido da tsumma mai ɗumi, na kawar da fanka daga fuskata, kan babur kuma sai da tabarau. Duk maƙwabcin rumfa da na gani da kwalbar ɗigawa, sai na karɓa na karanta abin da ke jikinta.