Laraba, ranar da albasa ta yi kuka

Ta yi ƙara! Ƙarfe goma da 'yan mintuna albasa ta yi kukanta na farko a kan teburina, wata siririyar murya kamar sauro ya shiga kwalba. Kwana uku ina fama da wani haɗin lantarki da zai sa albasa ta fitar da sauti, ashe laifin ba na albasar ba ne, ƙafafun aisi (wato IC, ɗan guntun lantarkin nan mai ƙafafu) ne na bari a sake.

Bari in rubuta haɗin tun ban manta ba. Aisin CD40106 ne, mai ƙafa 14. Ƙafa ta 14 tana zuwa kan jan batir mai bolt 9, ta 7 tana zuwa baƙi. Kapasita, wato 'yar ma'ajiyar wuta, mai lamba 104 tsakanin ƙafa ta 1 da baƙi. Daga ƙafa ta 2 kuma sai resista, mai rage gudun wuta, mai 4.7k, daga nan waya ta shiga albasa, wata wayar ta fito daga albasar ta koma ƙafa ta 1. Shi ke nan, albasar ce ta zama resistar da ke yanke kaurin murya. In wuta na ratsa ta da sauƙi, kapasita kan cika da wuri, murya ta yi sama. In tana ratsawa da ƙyar, murya ta yi ƙasa ta koma gurnani. Resistar 4.7k ɗin birki ce kawai, don ko wayoyin biyu sun taɓa juna kada ƙarar ta haura inda kunne ba ya ji.

Kuskuren da ya cinye mini kwana uku: aisin nan ƙofa shida gare shi, ɗaya kaɗai nake aiki da ita. Sauran ƙafafun shiga, wato 3 da 5 da 9 da 11 da 13, dole a ɗaure su da baƙi. Da na bar su suna lilo, duk motsin hannu sai su ɗauka, ƙara ta riƙa tsinkewa, batir kuma ya riƙa zuƙewa ba dalili. Na ƙara wata 104 ɗin tsakanin ƙafa ta 14 da ta 7, dab da jikin aisin, sai komai ya natsu.

Don a ji a sifika: daga ƙafa ta 2 ta resista mai 100k zuwa maɓallin ƙara mai 10k, tsakiyarsa zuwa ƙafa ta 3 ta LM386, aisin da ke ƙara wa sauti ƙarfi, fita ta ƙafa ta 5, ta kapasita mai 220 zuwa ƙaramar sifika mai om 8. Sifikar na kife ta a bakin ƙwarya, muryar ta yi jiki ƙwarai.

Wayoyin da ake sokawa su zama ƙarfe iri ɗaya. Jiya na sa ƙusar kwano a gefe guda, jan ƙarfe a ɗaya gefen, ban tuna cewa batir na haɗa ba ke nan. Albasar ta riƙa ba da 'yar wutarta tana rikita lissafi. Yau jan ƙarfe biyu na fere daga wayar wutar gida, tsawon ɗan yatsa, na goge su da sanfefa, na soka su da tazarar santimita 3. Matso su, murya ta tashi. Nisanta su, ta sauka. Matse albasar da tafin hannu, sai ta lanƙwasa kamar goge. Masu cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, su zo su gani: ruwan cikinta da gishirinsa su ne ke ɗaukar wutar baki ɗaya.

Ana cikin haka Inna ta ɗaga labule.

Ta tsaya tana kallon albasa huɗu a jere, kowace da wayoyi a ka. Ta ce, "Mi ka kai nan?" Na ce Inna saurara ki ji, na matsa mata guda. Na ɗauka dariya za ta yi. Ba ta yi ba. Ta ce, "Waɗanga, in ka ƙare, miya za su?" Na ce a'a, wadda jan ƙarfe ya kwana a ciki ba a ci, bakin ramin ma har kore-kore yake yi. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "To abinci dai ba abin wasa ba ne." Ta saki labule. Ba faɗa, ba ɗaga murya, kuma da kuɗina na saye su a kasuwar Kara.

Maganar nan ta hana ni sakat har la'asar. Na yi ta shirya amsa a raina: ai huɗu ne kacal, ai kowace shekara buhu nawa ke ruɓewa a rumbunan manoma kafin farashi ya tashi, ai ko ƙwaryar da ake kiɗa da ita daga gona ta fito. Duk amsoshin sun yi daidai, amma ko ɗaya ban iya zuwa na faɗa mata ba. Abin da ya fi damuna shi ne ta yi tambayar da ya kamata in yi wa kaina tun farko: dole ne sai lafiyayyar albasa? Ba dole ba ne. Wadda ta fara laushi, irin da masu tebur ke warewa gefe, ta ma fi ruwa. Gindin da ake yankewa a zubar shi ma zai yi. Kawai na zaɓi masu kyau ne don su fito a hoto.

Da azahar zafi ya kai inda ya saba kaiwa. Muryar albasar ta ɗan hau da farko, don ruwa mai ɗumi ya fi saurin ɗaukar wuta, daga baya ta yi ta gangarowa saboda bakin ramukan ya bushe, waya ta yi sako-sako. Ɗigon ruwan gishiri a kowane rami ya mayar da ita, har ya wuce gona da iri. Rabin ƙaramin cokali a kofin ruwa ya isa.

Na kuma gwada lemun tsami a madadin batir. Guda huɗu a jere, ƙusar kwano da jan ƙarfe a kowane, sun ba ni wajen bolt uku da rabi a mita. Sun tayar da aisin, amma LM386 ko motsi, yunwarsa ta fi ƙarfinsu. Da faifan fiyezo, ɗan siririn faifan ƙarfe mai fitar da sauti, a madadin sifika ana jin ɗan tsiii, in an kara kunne. Su ma lemukan yanzu sun tashi daga abinci. Takwas ke nan da albasar.

An ɗauke wuta biyu da rabi, ayan narka dalma ya huce, ban yi dalma ba.

Bayan magariba Auta ya shigo da tsohon kwano ya ajiye a bakin ƙofa, ya ce Inna ta ce a ba ni. Gindin albasa ne da ɓawon kabewa da wani tumatir da ya fashe. Ba ta aiko da wata magana ba, ni ma ban tambaya ba. Na soka wayoyi a ɓawon kabewar, muryar ta fito can ƙasa, kamar injin niƙa daga nesa. Na rage ƙarar don kada a ji a tsakar gida.