Ƙafar gora da keken guragu: darasi daga tarihin Handicap International

Ƙungiyar Handicap International, wadda mutanen Maraɗi da yawa suka sani ta dalilin aikinta na shigar da yara nakasassu makaranta, ba a ofis aka haife ta ba. A shekarar 1982 wasu likitoci matasa 'yan Faransa, ciki har da Jean-Baptiste Richardier da Claude Simonnot, suka kafa ta bayan abin da idonsu ya gani a sansanonin 'yan gudun hijirar Kambodiya da ke iyakar Tailan, inda dubban mutane suka rasa ƙafafu sakamakon taka nakiya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin nan shi ne yadda suka soma. Ba su tsaya jiran kaya daga Turai ba. Sun haɗa ƙafafun da gora, da katako, da fata, da tsohuwar tayar mota, sannan suka koya wa 'yan sansanin sana'ar, domin idan ƙafa ta lalace a samu mai gyara ta a kusa. Ga yaro kuwa wannan ya fi muhimmanci, tun da jikinsa girma yake yi, kuma ƙafar da ta yi masa daidai bana ba za ta shige shi baɗi ba.

Daga baya ƙungiyar ta shiga gwagwarmayar haramta nakiyoyi, wadda ta samu kyautar Nobel a 1997, ta fara aiki a Nijar a 2006, ta kuma koma amsa sunan Humanity & Inclusion a 2018.

Mu a Maraɗi ba mu rasa hannu ba. Masu walda na haɗa keken guragu da bututun ƙarfe da sarƙar keke, mai shi yana murza feda da hannu, ga dukawa, ga kafintoci. Sai dai yawancin kekunan da nake gani na manya ne, yaron da shan inna ya kama kuwa yana rarrafe a tsakar gida, gwiwoyinsa sun yi kanta, alhali ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu tun 2008. Ina ganin idan matasan unguwa da masu hannu da shuni suka haɗa kuɗi, suka kai wa mai walda awon yaro guda, suka kuma je wurin shugaban makaranta a gyara matakalar aji, yaron zai iya zama cikin sa'o'insa kafin a buɗe makarantu a watan Oktoba.