Asabar, 20 ga Afrilu 2024: an wanke esi, an leƙa silin

Yau ban fita da safe ba, na zauna jiran mai gyaran esi. Tun ranar 3 ga wata da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta sanar da sabon farashin wuta ga 'yan rukunin A, masu samun wuta aƙalla awa ashirin a rana, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, uwargida ta mayar da duba mita wani aiki na musamman. Layinmu yana cikin rukunin. Wutar kam ana samu, alhamdu lillahi. Biyan ne ya zama abin da ya zama.

Bayan karin kumallo na zauna da biro na yi lissafi a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa. Esin ɗakinmu mai ƙarfin doki ɗaya da rabi ne, tsohon yayi, a jikinsa an rubuta yana jan wajen wat 1,200. In ya yi awa takwas bai huta ba, ya cinye kusan yunit goma ke nan, sama da naira 2,000 a dare guda, wajen naira 65,000 a wata. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, a Afrilun 2024, naira 30,000 ne. Fankar silin kuwa wajen wat 70 take ja, dare guda bai kai mata naira 150 ba. Na miƙa wa uwargida takardar, ta duba ta ce, "To Malam, sai a rufe shi da zane a jira damina." Na ce a'a, bari dai Injiniya ya zo.

Ya iso wajen goma da rabi, shi da yaronsa, da tsani da ɗan injin fesa ruwa. Yana buɗe murfin na cikin ɗaki ya zaro ragar, ya ɗaga ta ya nuna mini. Ba a ganin komai ta cikinta, ƙurar hunturun bana duk tana nan ta zama kirtani. Ya ce, "Alhaji, wannan ba aikin injiniya ba ne, aikin gida ne. Duk mako biyu a cire a wanke da ruwa, a shanya a inuwa, a mayar." Ya yi bayani cewa in raga ta toshe, iskar ɗaki ba ta ratsawa ta taɓa bututun sanyi yadda ya kamata, sai kwampureso, injin da ke matsa gas ɗin sanyi, ya yi ta aiki, mita na gudu, ɗaki kuma bai yi sanyi ba. Har ƙanƙara takan taru a kan bututun, mutum ya ɗauka alamar ƙarfi ce, alhali alamar shaƙewa ce.

Na waje ya fi muni. An kafa shi a bangon yamma, rana na dukansa tun daga azahar har ta faɗi, ga wasu kwalaye da tsohuwar katifa da aka jingina a gabansa. Aikin wannan injin shi ne ya zubar da zafin da aka kwaso daga ɗaki. In iskar da ke kewaye da shi ta riga ta yi zafi, kuma ba ta da hanyar wucewa, ina zai zubar? Suka kwashe tarkacen, suka fesa ruwa a haƙarƙarinsa, ruwan da ya fito ja wur. Ya ce a yi masa 'yar rumfa daga sama, amma kada a rufe gaba da gefe.

Abin da ya ƙara mini yarda da mutumin nan shi ne maganar gas. Na tambaye shi ko za a ƙara, tunda duk shekara in zafi ya shigo sai an ce mana gas ya ƙare. Ya ɗaura ma'auninsa, ya duba, ya ce ya ɗan ragu, amma ba zai zuba ba sai ya gano inda yake fita. "Gas ba fetur ba ne, Alhaji, injin ba ya shan sa. Zagayawa kawai yake yi a cikin bututu. In ya ragu, akwai ɓula." Ya kaɗa kumfar omo ya shafa a mahaɗan bututun, sai ga kumfa tana tasowa a wajen wani noti. Ya gyara bakin, ya ɗaure, sannan ya ƙara. Namu gas mai suna R22 ake zuba masa, wanda duniya ke janyewa daga amfani da shi a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illar da yake yi wa sararin sama, shi ya sa kullum yake ƙara tsada. Sababbin da ke kasuwa R410A ko R32 suke ci.

Sai rigimar rimot. A gidan nan, kamar kowane gida da na sani a Kano, lamba ɗaya aka sani: 16. Babban ɗana ya dage cewa in ba a sa 16 ba ɗakin ba ya saurin yin sanyi. Injiniya ya yi dariya ya ce irin wannan tsohon injin gudu ɗaya ya iya, ko a 16 ko a 26 sanyin da yake hurowa ɗaya ne. Lambar tana gaya masa inda zai tsaya ne kawai. A watan Afrilu, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba zai taɓa sauka zuwa 16 ba, don haka kwampureso ba zai taɓa hutawa ba. In an sa 25 ko 26, aka kunna fanka a hankali, jiki zai ji daɗi, injin kuma zai riƙa tsayawa yana tashi. Na taɓa karanta cewa a Indiya tun farkon 2020 doka ta sa duk sabon esi ya fito daga kamfani a saite kan 24, kuma hukumarsu ta tattalin makamashi ta ce kowane digiri ɗaya da aka ƙara yana rage kusan kashi 6 cikin ɗari na wutar da ake ci. Yaron bai gamsu ba, amma an ƙwace rimot ɗin.

Ya kawo shawarar in sayi mai inbata, wanda kwampuresonsa ke rage gudu in ɗaki ya yi sanyi maimakon ya mutu ya tashi. Na yarda ya fi, amma da kuɗin dala na yanzu ba maganar bana ba ce. Kuma abin da na gani bayan haka ya sa nake ganin ba nan ne farkon gyara ba.

Tunda tsani na nan, na ce a ɗaga mini murfin silin ɗin baranda in leƙa. Ƙarfe ɗaya saura. Kaina kawai na zura na ji kamar na buɗe tanderun burodi. Kwano baƙi-baƙi a sama, siririn silin a ƙasa, tsakaninsu babu komai, babu ko kafa ɗaya da iska za ta fita. Magini ya liƙe ko'ina da siminti har bakin kwano, wai don jemagu da ɓeraye. Kwano a irin wannan rana yakan wuce digiri 60. Duk wannan zafin silin yake gasawa, silin ya sauko mana da shi, har tsakar dare bai gama hucewa ba. Ashe duk kuɗin da muke zubawa a mita, kokawa muke yi da rufin gidanmu. Na sauko na dubi tagar ɗakin, ita ma yamma take kallo, gilashi mai zugewa, ga rata a ƙarƙashin ƙofa da hannun yaro zai shige.

Bayan la'asar na tafi cikin gari gaida Hajiya. Ta ƙi barin tsohon gida, duk roƙon da muka yi. Ɗakinta na ƙasa ne, ginin tubali, rufin azara, kaurin bangon ya kai kamu guda ko fiye. Ina shiga na ji zufata ta fara bushewa. Babu esi, fankar tsaye ce kawai, ita ma a kashe. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Yaya zafi? Yaya mutanen gidan?" Na ba ta labarin silin. Ta ce, "Ai ku kuka ce ƙasa ƙauyanci ce."

Na zauna ina kallon ɗakin da wani ido daban. Bango mai kauri a hankali yake shan zafi. Kafin ranar ta ratsa shi ta iso ciki, dare ya yi, sai ya fara mayar da abin da ya sha. Shi ya sa da bazara ake wuni a ɗaki a kwana a tsakar gida ko a kan soro, da hunturu kuma ɗakin ya kwana da ɗumi ba tare da an shigo da kaskon gawayi ba, wanda hayaƙinsa marar wari ke kashe mutane a rufaffen ɗaki. Tagar ƙarama ce, can sama, inda zafi ke taruwa. Darbejiyar tsakar gida ta rufe rabin rufin. Ba wai ginin ƙasa ba shi da wahala ba. Kafin kowace damina sai an yi yaɓe, an duba indararo, kuma magina masu hannu sun yi ƙaranci. Ba zan ce kowa ya rushe bulo ya koma tubali ba. Amma waɗanda suka gina Gidan Makama sun san inda rana ke faɗuwa, mu kuwa muna kafa taga duk inda ta yi kyau daga titi.

Ta sa aka ɗebo mini ruwan randa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randar yana bushewa yana tafiya da zafi, shi ke nan sirrin. Da wannan dabarar marigayi Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya yi tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami kyautar Rolex a 2000. Ita ce kuma dabarar fankar ruwa da wani abokin aikina da ya zauna a Yamai yake ta yaba mini. Wutar da take ci ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na esi ba, kuma a busasshiyar iskar Maris da Afrilu tana aiki sosai. In hadari ya fara haɗuwa iska ta yi laima, sai ta zama fanka mai sa jiki danƙo. Ina tunanin ta don ɗakin yara.

A hanyar dawowa na tsaya na sayi asabari biyu. Labule mai kauri yana taimakawa, amma shi sai rana ta riga ta ratsa gilashi yake tare ta. Asabari daga waje yake tsayar da ita. Kafin magariba ni da yaran mun rataye su a tagogin yamma, an bar tazara kaɗan tsakaninsu da bango. Uwargida ta ɗinka wani dogon matashi da ragowar atamfa ta cusa masa tsumma, aka shimfiɗa a ƙarƙashin ƙofa. Mun kuma yi yarjejeniya: tagogi a buɗe daga asuba zuwa hantsi, sannan a rufe har rana ta faɗi. Fanka kuma a kashe in babu kowa a ɗaki, tunda mutum take sanyayawa ba bango ba.

Bayan isha'i na kira mai gidan da muke haya, don maganar rufi ba tawa ba ce ni kaɗai. Na roƙi abu biyu: a fasa kafofin iska masu raga a bangon da ke tsakanin silin da kwano, gabas da yamma, sannan a shafa wa kwanon farin fenti mai mayar da hasken rana, irin wanda birnin Ahmedabad na Indiya ya yi ta shafa wa rufin gidajen talakawa. Dattijon ya saurare ni har na gama. Ya ce kafofin ya yarda, in kawo magini, a cire kuɗin daga hayar baɗi. Fenti kuwa ya ce, "Malam, hunturu ɗaya zai mayar maka da shi ja. Wa zai riƙa hawa yana wankewa?" Tambayar tana da ƙarfi, don fentin in ya yi datti amfaninsa raguwa yake yi, kuma kwanon gidan ba sabo ba ne da za a riƙa takawa. Ya ce in fara tambayo kafinta nawa za a kashe a shimfiɗa soso mai takardar azurfa a kan silin ɗakuna biyu, in ya so mu raba kuɗin. Kafintan ya ce zai zo aunawa ranar Litinin bayan an tashi daga aiki.