Wasiƙa daga Landan: Yaren bayan labule

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman masu sha'awar wasan daɓe.

A unguwar West End ta Landan, inda gidajen wasan kwaikwayo suka yi cincirindo, ana yin wasa sau 8 a mako, har da na rana da suke kira matine. Wasan The Mousetrap tun 1952 ake yinsa, annobar korona ce ta taɓa tsayar da shi a 2020. Abin da ke riƙe da irin wannan doguwar tafiya yana bayan labule, kuma yana da yarensa.

Akwai kiran da ake cewa "rabin awa". Ana yinsa saura minti 35 a ɗaga labule, domin saura minti 5 za a sake kiran "masu farawa", wato waɗanda za su fara fitowa, kowa ya tsaya a gurbinsa. Idan darakta ya ce hagu, hagun ɗan wasa yake nufi sa'ad da ya fuskanci jama'a. Ƙuryar dandamali kuwa "sama" ake ce mata, gabansa "ƙasa", saboda a da gangare ake gina shi don na baya su gani. Fitila ba ta sauyawa, labule ba ya motsi, sai mataimakin manajan dandamali, wanda ke zaune da kundin wasan a gabansa, ya ce a shirya, sannan ya ce a tafi.

Amma waɗanda suka fi burge ni su ne 'yan ko-ta-kwana. Andastadi shi ne wanda ya haddace rawar jarumi, ya maye gurbinsa ranar da ciwo ya kwantar da shi. A wasannin waƙa da rawa akwai suwin, wanda aikinsa ya fi wuya: yakan riƙe gurbin mutane da yawa a kansa, da takun kowa, da muryar kowa, da ƙofar da kowa ke shiga. Wani lokaci da rana tsaka za a gaya masa wanda zai zama da daddare. A Disambar 2021, da cutar ta sake kwantar da 'yan wasa, su suka hana gidaje da dama rufewa.

Ƙungiyoyinmu na makarantu da na unguwa, ina roƙonku, tun ranar farko ta atisaye ku ware wa kowace babbar rawa mutum na biyu, ku kuma sa sunansa a takardar shiri.

Naku,
daga Landan