Fara mara tashi a dajin gajimare

Duk wanda ya taso a Gombe ya san fara da tashi, domin da zarar ka matso kusa da ita a gona sai ta buɗe fiffike ta bar maka wurin. Amma a dazuzzukan Kudancin Amurka, har da na kan tsaunuka inda gajimare ke sauka ya lulluɓe itatuwa, akwai 'yan'uwan fara da gyare waɗanda fukafukansu suka gajarce har ba sa iya ɗaga su sama. Suna cikin dangin Tettigoniidae, mai nau'o'i fiye da 8,000 a duniya, kuma ana gane su da ƙahonni biyu sirara waɗanda kan fi jikinsu tsawo.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne jinsin Supersonus, wanda masana suka bayyana a shekarar 2014 daga dazuzzukan Kolombiya da Ikwado. Fiffikensa bai isa tashi ba, amma bai zama na banza ba, domin namijin yana goga guda a kan guda don kiran mace, kuma kukan yakan kai girgiza 150,000 a daƙiƙa ɗaya, alhali kunnen ɗan Adam ba ya wuce 20,000. Mutum zai tsaya dab da shi yana tsakiyar kuka, bai ji komai ba. Ita kuwa macen, da kunnuwan da ke ƙafafunta na gaba, ƙasa kaɗan da gwiwa, take jin kiran. Wannan abu ya isa a yi wa Allah tasbihi.

Sai dai rashin tashin nan shi ne abin da ke damuna. Halittar da ƙafa kaɗai ta dogara da ita ba ta da hanyar ƙetare kwari ko fili zuwa wani daji, saboda haka idan aka sare itatuwan wurinta, zuriyarta tana iya ƙarewa a nan take.

Irin wannan daji ba shi da nisa da mu. A maƙwabciyarmu Taraba, a kan tudun Mambila, akwai dajin Ngel Nyaki, inda ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe kan je bincike. Ciyawa ce ta kewaye shi, kuma wutar daji da kiwon shanu suna cin gefensa, musamman a lokacin rani.