Walimar Ofis: Yadda Amala da Waina Za Su Haɗu a Teburi Ɗaya

Kusan duk ofishin gwamnatin tarayya ko reshen banki da ke Katsina, in ka leƙa za ka tarar da Bakatsine da Bayarabe da Ibo da Babarbare, ga masu hidimar ƙasa da ake sauyawa duk shekara. Haka Daura ta koma tun da aka buɗe jami'ar sufuri. Shi ya sa wasu ofisoshi ke ware rana kowa ya kawo abincin garinsu. Sau da yawa kuwa a tashi kuloli na nan cike, kowa ya ci na gidansu ya yi wa na abokin aikinsa kallon nesa. Ba ƙiyayya ba ce. Mutum bai san abin da ke cikin tukunya ba, kunya kuma ta hana shi tambaya.

Maganar nama ita ce ta farko, kuma in an warware ta an gama rabin aiki. Kada a bar kowa ya sayo nasa. A haɗa kuɗi, a tura mutum biyu, Musulmi da Kirista, su je wurin mahauci ɗaya su sayo yankan da kowa ya yarda da shi, a raba wa masu girki tun jajibiri. Ga mutum 30, kilo 3 na naman sa ya isa, tun da ɗanɗano za a yi ba cika ciki ba. A faɗa a fili wurin taro cewa babu naman alade, babu naman daji, babu giya ko a cikin girki. Dodon koɗi da wasu 'yan kudu ke sa wa miya, a dafa shi daban a ƙaramin kwano, mai so ya ɗiba.

Karo-karon ya bi matakin albashi. Ba a yanka wa masinja da direba abin da aka yanka wa Oga, kuma maigadi da masu shara a kira su tun farko, ba sai an ga ragowa ba. Girkin ma kada ya faɗa kan matan ofis kawai. Namijin da iyalinsa ba sa gari ya ɗauki nauyin ruwa, faranti, ƙanƙara ko kilishi.

Kala shida sun wadatar, kowanne na cin mutum 10 zuwa 12. Kuskuren da aka fi yi shi ne kowa ya dafa na mutum 30, a wayi gari da abincin mutum 180. Waina ce kaɗai ake ƙarawa don ba ta kwana: shinkafar tuwo kilo ɗaya da rabi, a jiƙa, a markaɗa, a bar ƙullun ya tashi, za ta ba kowa kamar biyu. Ruwan leda jaka uku.

Wasu abinci ba sa jure jira. Ɗanwake in ya huce sai ya yi tauri, don haka ko dai a jefa shi a harabar ofis kan ƙaramin gas, ko a musanya shi da dambun zogale. Amala da sakwara a mulmula ƙanana, a ƙulle a leda da zafinsu, a jera a kula. Miyar ewedu, wato lalo, tana rasa yauƙinta in aka yi ta maimaita ɗumame. Miyar agushi kuwa saurin tsami gare ta, haka alale da kunun aya. Ƙa'idar masana lafiya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a buɗe, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa 1. A Katsina daga Maris zuwa Mayu zafi na kaiwa 40. Ranar bambancin al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, 21 ga Mayu, a tsakiyar wannan zafi take faɗowa, don haka mu dai mun fi son a yi walimar da hunturu. In dole sai a Mayu, fura da nono su zauna cikin ƙanƙara har lokacin damu, kar a dogara da firjin ofis da wutar da ba ta da tabbas.

Rana kuma Talata ko Laraba, bayan sallar Azahar. Litinin da Alhamis akwai masu azumin nafila, Juma'a gajeriyar rana ce. A duba kalanda kar a faɗa cikin Ramadan ko azumin Kiristoci na kafin Ista.

Kowace kula a manna mata takarda: sunan abincin, abin da ke ciki, da yawan yajinsa. Gyaɗa da busasshen jatan lande dole a rubuta su, don akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗauka, abin kan kai ga kumburi da sarƙewar numfashi. Barkono a rage shi a tukunya, a ajiye yaji da soyayyen attaruhu a gefe. Mai girkin ta tsaya bakin kularta, domin "Alhaji, bismillah, shuwaka ce na wanke ta sosai, da man ja da ganda" ya fi kowace takarda sa mutum miƙa faranti. A nan ne Bahaushe zai ji cewa iru ɗin da ke ƙamshi a miyar Yarabawa daga kalwa ake yin sa kamar daddawarsa.

A zuba cokali biyu kawai a zagayen farko. Wanda ya ce a'a kada a matsa masa, kuma wanda ya ɗanɗana bai ji daɗi ba, ba a toshe hanci ko tsokana. Wasan Katsinawa da Nufawa ko Gobirawa da Yarabawa yana da daɗi tsakanin waɗanda suka san shi, amma ɗan hidimar ƙasa da ya zo jiya daga Inugu zai ɗauka cin fuska ne.

A tanadi buta biyu, roba da sabulu a bakin ƙofa, tun da tuwo da amala da hannu ake cin su, da robobin da za a zuba ragowar a raba kafin La'asar.