Masu neman aikin tuƙa ƙaramin jirgi a tashar ruwa, ga abin da muke dubawa

Ina da ɗan kamfani na ƙananan jiragen ruwa masu inji, aikinmu duk a cikin tasha ne da bakinta, kuma ba irin manyan tashoshin nan da ake jin sunansu a labarai ba, ƙaramar tasha ce ta lardi. Kusan kowane mako sai wani ya turo min saƙo yana neman aikin matuƙi, wasu da hoton satifiket, wasu ko sallama babu, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani.

A fara sanin aikin tukuna. Matuƙin ƙaramin jirgi ba kyaftin ɗin jirgin kaya ba ne, amma a cikin nasa jirgin shi ne mai wuƙa da nama, ran duk wanda ya hau yana wuyansa. Idan babban jirgi ya shigo zai jingina, mu ne muke kutsawa ƙarƙashin goshinsa mu karɓi igiyoyin ɗauri mu kai wa masu ɗaurewa. Muna kai ma'aikata da kayan gyara wa jiragen da suka jefa anga a waje suna jiran layi, wani lokaci masu nutso ne za su haye mu, ko masu auna zurfin ruwa, ko kamfanin da ya zo yashe mashiga. Sai kuma wanda ya fi duka tsada da haɗari, wato kai jagoran tasha, wanda zai hau babban jirgi ya shigo da shi. Jirgin nan fa ba ya tsayawa, yana tafiya kake manna naka a jikinsa, ka daidaita gudunka da nasa, mutum ya kama tsanin igiya ya hau, kuma doka ta yarda tsanin ya kai mita 9 kafin a ce dole a haɗa masa da wata matattakala. Ka yi tunanin wannan da daddare ana iska. Ba a ba sabon shiga wannan aikin, duk wanda ya ce maka zai ba ka a watanka na farko ka guje shi.

Maganar takarda kuwa babu wasa, ba lasisi ba aiki, ko ina sonka kamar me, domin inshora ba za ta biya ba in wani abu ya faru. Kowace ƙasa da tsarinta da sunan da take kiran lasisin, a Ostareliya misali lasisin matuƙin ƙaramin jirgi yana ba ka damar riƙe jirgin da bai kai mita 12 ba. Amma ko ina ne za a nemi abubuwa kusan iri ɗaya, shaidar kwanakin da ka yi kana aiki a ruwa, gwajin lafiya da na ido, taimakon gaggawa, da takardar amfani da rediyo. Gwajin ido ɗin nan ka fara yin sa kafin ka kashe kuɗinka a kan kwas, saboda akwai masu kasa bambance ja da kore kuma su kansu ba su sani ba, alhali da daddare duk aikin a kan su yake, fitilar hagun jirgi ja ce ta dama koriya. Wasu masu ba da kwangila kuma sukan ƙara da horon kariya na STCW, yarjejeniyar duniya ce ta 1978, ana koyar da kashe gobara da yadda za ka tsira in ka faɗa ruwa.

To amma fa takarda ƙofa kawai take buɗe maka. A ƙaramar tasha yawancin guraben aiki ba a tallata su, kamfanonin ba su da yawa, masu su duk sun san juna, in na rasa matuƙi yau waya nake ɗagawa in tambayi ɗan'uwana mai jirage wa ka sani. Sunan da aka ambata shi ke samu. Don haka wanda ya zauna a gida yana ta tura saƙo zai daɗe yana jira, wanda kuma ya zo bakin gaɓa da sassafe da takalmin aiki a ƙafarsa, ya gaisa da mutane, ya ce ko na yini ɗaya ne a gwada shi, shi ake tunawa ran da wani ya kasa fitowa. Kuma kada girman kai ya hana ka fara da aikin yaron jirgi ko da lasisin yana aljihunka, tamkar yadda direba yake farawa daga yaron mota ne. Nan za ka san inda yashi ya taru, inda ruwa yake juyawa a bayan gada, wane ma'aikacin hasumiyar kula da shige da ficen jirage ne ba ya son a maimaita masa magana. Ka riƙa rubuta kwanakinka a littafi mai jirgi yana sa hannu nan take, kar ka bari sai bayan shekara ka zo kana roƙo.

Ni dai in zan gwada mutum ba na damuwa da gudunsa a fili, kowa ya iya wannan. Cewa nake ya jingina min da jirgin a gaɓa lokacin da iska take tura shi waje, sai in zuba ido in ga ko ya duba inda ruwa yake ja kafin ya doso, ko ya gaya wa yaronsa wace igiya za a fara jefawa, ko kuma ihu zai yi ta yi. Wanda ya ga bai daidaita ba ya ja da baya ya sake zagayowa, wallahi ya fi burge ni a kan wanda ya danno da ƙarfin inji. Sai in yi masa 'yan tambayoyi. Dokokin kauce wa karo na 1972 sun ce jirgin da bai kai mita 20 ba kada ya tare wa babba hanya a ƙuntatacciyar mashiga, mu ke nan, kullum mu ne masu kaucewa. Babban jirgi ya busa maka ƙaho gajeru biyar, cewa yake bai gane abin da kake shirin yi ba. Tasha ta 16 a rediyon VHF ta kira ce da neman agaji, ba ta hira ba. Akwai ma wani abu da yake rikita wanda ya yi aiki a wata ƙasa, a Afirka da Turai da Ostareliya jar alamar da ake sa wa a ruwa don nuna hanya tana hagunka in kana shigowa daga teku, a Amurka da Japan da Filifin kuma tana dama.

Inji ma yana ciki. Ƙaramin jirgi ba ya ɗaukar injiniya, matuƙi ne makanike, in iska ta shiga bututun man dizal ko leda ta toshe inda inji yake zuƙar ruwan sanyaya shi ba wanda za ka kira, ga babban jirgi yana tahowa. Wanda ya taɓa aiki a gareji yana da babban rabo a wajena.

Abin da yake korar mutane da yawa shi ne lokacin aiki. Jiragen kaya da cikar teku, wato lokacin da ruwa ya hau, suke shiga suke fita, ita kuma kullum tana matsawa da kusan minti 50, ke nan wannan makon da hantsi ne mako mai zuwa ƙarfe uku na dare. Na rabu da ƙwararrun matuƙa ba don komai ba sai don wayarsu a kashe take in an neme su. Sannan ƙaramar tasha yawanci a kan kaya ɗaya ko biyu take rayuwa, hatsi ko ma'adinai ko katako, lokacin da kaya suke fita ba ka da sukunin zama, in suka yanke kuma jirage na ɗaure ina biyan kuɗin wuri. Shi ya sa da yawanmu da aikin kira muke fara ɗaukar mutum, a biya shi fitar da ya yi, sai an ga kamun ludayinsa a maida shi na dindindin. Masu dabara sukan ba kamfani biyu ko uku sunansu, ba laifi ba ne in dai ka faɗa wa kowa gaskiya, kada ka amsa wa mutum biyu a dare ɗaya.

Kai ma kana da haƙƙin tambaya kafin ka karɓi makulli. Ka nemi ganin takardar binciken jirgin ko ba ta ƙare ba, ka ƙirga rigunan ceto da kanka, ka duba ranar da ke jikin abin kashe gobara, ka tambaya ko ana biyan awannin jira in babban jirgi ya makara, domin suna makara sosai. Sannan ka tambayi mai jirgin kai tsaye, in na ce yanayi bai yi ba ba zan fita ba, me zai faru? In ya fara kame-kame ka nemi wani kamfanin.